Tambayoyi da Amsoshi Kan Wa'adin Sanarwa Ga Mai Barin Aiki Zuwa Wani a Saudiyya

Hausawan da ke aiki a kamfanoni da otal-otal da asibitoci masu zaman kansu a Makka da Madina da Jidda da Riyad da Dammam sukan yi asarar haƙƙinsu a ranar barin aiki fiye da yadda suke yi a tsawon shekarun da suka yi suna aikin. Galibi ba mugunta ce ke jawo hakan ba, gaggawa ce da rashin karanta kwantiragi. Amsoshin da ke ƙasa sun dogara ne da Dokar Ƙwadago ta Saudiyya ta shekarar 2005, wato 1426 bayan Hijira, tare da gyare-gyaren da majalisar ministoci ta amince da su a watan Agustan 2024, suka kuma fara aiki a watan Fabrairun 2025.

Na samu aikin da ya fi wanda nake yi. Kwana nawa ya kamata in ba kamfaninmu kafin in tafi?

Kafin a yi maganar kwanaki, sai an fara sanin irin kwantiragin da ke tsakaninka da kamfanin, domin doka ta raba shi gida biyu: akwai wanda aka yanka wa lokacin ƙarewa, akwai kuma wanda aka bari a buɗe. Sashe na 75 yana magana ne a kan buɗaɗɗen kwantiragi. Idan albashin wata ake biyanka, kuma kai ne mai son tafiya, za ka sanar da kamfani a rubuce aƙalla kwana 30 kafin ranar tafiyarka. Idan kuwa kamfanin ne zai sallame ka, shi kwana 60 ne a kansa. Kafin gyaran 2025 kwana 60 ne a kan kowane ɓangare, shi ya sa har yanzu za ka ji tsofaffin ma'aikata suna cewa wata biyu ne.

Sai dai buɗaɗɗen kwantiragi na 'yan ƙasa ne. Bahaushen da ke da takardar zama ɗan Saudiyya, kamar zuriyar mahajjatan da suka zauna a Makka da Madina tun kaka da kakanni, yana iya samun irinsa, kuma ko da an fara da mai wa'adi, idan aka sabunta shi sau uku a jere ko ya kai shekara huɗu aka ci gaba da aiki, ya koma buɗaɗɗe. Wanda ya zo daga Nijeriya ko Nijar ko Sudan da igama kuwa, wato katin izinin zaman baƙo a ƙasar, sashe na 37 ya ce kwantiraginsa dole ya kasance rubutacce kuma mai wa'adi. Idan ba a rubuta wa'adin ba, ana ɗaukarsa shekara ɗaya daga ranar da ya kama aiki, kuma yana sabuntuwa da irin wannan tsawon idan aka ci gaba. Saboda haka maganar "kwana 30 kawai" da ake yaɗawa a majalisu ba ta wadatar da baƙo ba.

To ni baƙo ne mai igama. Yaya murabus ɗina yake tafiya?

Gyaran 2025 ya kawo sashe na musamman a kan murabus daga kwantiragi mai wa'adi, kuma yana da kyau kowa ya san matakansa dalla-dalla. Za ka miƙa takardar murabus a rubuce, bisa raɗin kanka, ba tare da ka rataya ta a kan wani sharaɗi ba, kuma ba a yarda ka sa mata wata rana ta can gaba ba. Daga nan ɗayan abu uku ne zai kawo ƙarshen kwantiragin: ko kamfani ya amince, ko ya yi shiru har kwana 30 su wuce, wanda doka ta ɗauke shi a matsayin amincewa, ko kuma ya ɗage amincewar zuwa wani lokaci da bai wuce kwana 60 ba. Wannan ɗagewar tana da sharaɗi, domin sai kamfani ya ba ka dalilinsa a rubuce, kuma sai ya yi hakan kafin kwana 30 ɗin farko su cika. Ana fara ƙirga kwana 60 ɗin daga ranar da aka ba ka bayanin, wanda ke nufin mutum na iya zama kusan wata uku daga ranar miƙa takarda zuwa ranar fita.

A duk tsawon wannan lokaci kwantiraginka yana nan da ransa, aiki yana kanka, albashi yana kansu. Idan kuma ka sake shawara, kana da kwana 7 daga ranar miƙawa ka janye takardar, muddin kamfani bai riga ya amince da ita ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne shaidar ranar miƙawa. Ka bi ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago inda aka ajiye kwantiraginka, ka kuma aika kwafi ta imel ɗin kamfani ko ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Faɗa wa mudir, wato manaja, da baki a bakin ƙofa, ko da ya ce "Allah ya sa alheri", ba ya fara ƙirga ko kwana ɗaya.

Idan na tafi kafin wa'adin kwantiragina ya cika, ba tare da kamfani ya amince ba, me zai biyo baya?

Nan ne mutane da yawa ke ƙonewa. Sashe na 77 ya ce duk ɓangaren da ya warware kwantiragi ba tare da halattaccen dalili ba zai biya ɗayan diyya. Idan an rubuta adadin diyyar a cikin kwantiragin, shi za a bi. Idan ba a rubuta ba, diyyar kwantiragi mai wa'adi ita ce albashin dukan watannin da suka rage, kuma ba za ta gaza albashin wata biyu ba. Mutum mai albashin riyal 4,000 da ya tafi saura wata takwas wa'adinsa ya cika yana iya tsintar kansa ana binsa riyal 32,000. Samun aikin da ya fi albashi kuwa ba ya cikin dalilan da doka ta lissafa waɗanda ke ba ma'aikaci damar tafiya ba tare da nauyi ba.

Ga mai buɗaɗɗen kwantiragi da ya tsallake wa'adin sanarwa, sashe na 76 ya ɗora masa biyan kwatankwacin albashin kwanakin da bai cika ba, sai idan sun yi yarjejeniya a kan abin da ya fi haka.

Wace hanya ce ta fi sauƙi da aminci?

A ganina ita ce ka bari wa'adin ya cika, ka sanar da cewa ba za ka sabunta ba. Wannan ba murabus ba ne a idon doka, ƙarewar kwantiragi ce, don haka babu diyya a kanka, kuma za ka karɓi kuɗin ƙarshen aikinka cikakke. Amma akwai tarko a ciki: yawancin kwantiragi suna da sharaɗin sabuntuwa kai tsaye idan ɗayan ɓangarorin bai sanar da ɗayan ba kafin wasu kwanaki da aka ambata. Wanda ya bari ranar ta wuce, ko da kwana ɗaya ne, ya shiga sabon wa'adi. Ka buɗe kwantiraginka a Qiwa yau, ka duba ranar ƙarewa da adadin kwanakin sanarwar ƙin sabuntawa, ka ƙirga baya, ka rubuta ranar a inda ba za ka manta ba.

Abu biyu ke rikita lissafin. Na farko, doka ta ce da kalandar Hijira ake ƙirga wa'adi sai idan kwantiragi ko ƙa'idojin kamfani sun faɗi akasin haka, shekarar Hijira kuwa ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11. Na biyu, idan an rubuta kwantiragin da Larabci da wani harshe, aka samu saɓani, na Larabcin ne abin dogaro. Wanda karatun Larabcinsa bai kai na takardun shari'a ba ya nemi amintacce ya karanta masa, kada kunya ta hana shi.

Murabus yana rage kuɗin ƙarshen aiki?

Yana ragewa sosai, kuma wannan ne lissafin da ya kamata mutum ya yi da alƙalami kafin ya amsa wa sabon kamfani. Asalin mukafa'ar ƙarshen aiki, bisa sashe na 84, ita ce albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, da albashin wata guda a kan kowace shekara bayan haka, ana kuma lissafawa da albashin ƙarshe tare da alawus-alawus ɗin da ake biya a kai a kai, kamar na gida da na mota. Wanda ya yi murabus kuwa, sashe na 85 ne ke hukunci a kansa. Idan bai cika shekara biyu ba, ba shi da komai. Daga shekara biyu zuwa biyar yana da kashi ɗaya cikin uku, wanda ya haura biyar bai kai goma ba yana da kashi biyu cikin uku, sai wanda ya kai shekara goma ne zai karɓa duka.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya mai albashin riyal 6,000 da ta yi shekara bakwai a wani asibiti mai zaman kansa. Shekaru biyar na farko sun ba ta riyal 15,000, biyun ƙarshe sun ba ta 12,000, jimla 27,000. Idan ta bari wa'adinta ya cika za ta karɓi wannan duka, idan kuwa ta yi murabus za ta tashi da 18,000. Bambancin riyal 9,000 na iya cinye ƙarin albashin sabon wurin na watanni da yawa. Haka kuma wanda saura masa 'yan makonni ya cika shekara biyu, ko biyar, ko goma, haƙurin waɗannan makonni yana da farashi.

Sashe na 87 ya keɓe wasu da za su karɓi mukafa'arsu cikakkiya duk da cewa su suka bar aiki: wanda wani abin da ya fi ƙarfinsa ya tilasta masa, da macen da ta bar aiki cikin wata shida daga ɗaurin aurenta ko cikin wata uku daga haihuwarta.

Sabon kamfanin yana matsa mini in fara mako mai zuwa, ya ce idan na yi jinkiri zai ɗauki wani. Me zan yi?

Ka faɗa musu gaskiyar wa'adin da ke kanka tun a zaman farko, ka nuna musu sharaɗin a kwantiraginka. Kamfanin da ke aiki a Saudiyya ya san wannan doka sarai, shi ma da ita yake riƙe nasa ma'aikatan, kuma wanda ya nace sai ka karya alkawarin da ke kanka kafin ya ɗauke ka ya nuna maka tun yanzu yadda yake kallon takarda. Idan da gaske suna buƙatarka, akwai hanyoyi halattattu: ka roƙi tsohon kamfani ya amince da murabus ɗinka da wuri, ko ku rabu bisa yardar juna a rubuce, ko sabon kamfanin ya ɗauki nauyin diyyar da za ta hau kanka, shi ma a rubuce.

Abin da bai kamata ka yi ba ko kaɗan shi ne fara aiki a sabon wuri alhali igamarka tana ƙarƙashin tsohon kafili, wato kamfanin da kake yi wa aiki. Wannan saɓa wa doka ne a kanka da kan wanda ya ɗauke ka, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ga tara da fitarwa daga ƙasa. Kada kuma ka miƙa murabus bisa alkawarin baki ko saƙon WhatsApp. Ka jira tayin aiki ya shigo maka ta Qiwa, ka karanta albashi da sana'a da wa'adin da aka rubuta, domin kada a saki reshe a kama ganye.

Sai kafilina ya yarda kafin a mayar da igamata sabon kamfani?

Ba kullum ba. Tun daga ranar 14 ga Maris 2021, lokacin da ma'aikatar ƙwadago ta fara aiwatar da shirinta na gyara alaƙar ma'aikaci da kamfani, baƙon da kwantiraginsa ya ƙare yana iya komawa wani kamfani ba tare da yardar na farko ba. Haka ma wanda ya cika shekara ɗaya da shigowa ƙasar yana iya komawa tun kwantiragin bai ƙare ba, idan ya cika wa'adin sanarwa. A kula da kyau, wannan dama ta buɗe ƙofar naƙalin kafala ne kawai, wato mayar da igama sabon kamfani, ba ta shafe diyyar karya kwantiragi ba. Akwai kuma yanayin da ake barin mutum ya koma ko bai cika shekara ba, kamar idan an yi wata uku a jere ba a biya shi albashi ba, ko igamarsa ko lasisin aikinsa ya ƙare ba a sabunta ba. Kuɗin naƙalin yana kan kamfanin da za ka koma, ba a kanka ba.

Akwai lokacin da zan iya tafiya ba tare da sanarwa ba?

Akwai, sashe na 81 ya lissafa su, kuma mai tafiya a ƙarƙashinsa yana riƙe da dukan haƙƙoƙinsa. Daga ciki akwai gazawar kamfani wajen cika manyan wajibansa kamar biyan albashi, da yaudara a kan sharuɗɗan aiki lokacin ɗauka, da sa mutum aikin da ya sha bamban da wanda aka yi yarjejeniya a kansa ba da yardarsa ba, da duka ko cin zarafi ko wulaƙanci, da barin ma'aikaci cikin babban hatsarin da kamfani ya sani bai gyara ba.

Duk da haka, wanda zai bi wannan hanya ya sani cewa sai ya kawo hujja. Ya tara bayanan asusun bankinsa da ke nuna watannin da albashi bai shigo ba, ya ajiye saƙonni, ya shigar da koke a ma'aikatar ƙwadago, ya kuma rubuta wa kamfani dalilin tafiyarsa. Wanda ya daina zuwa aiki shiru kawai ya miƙa wa kamfani wuƙa da nama, domin sashe na 80 ya ba kamfani damar sallamar wanda ya yi fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekara, bai zo ba babu uzuri, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce, kuma sallama ce da ba mukafa'a ba diyya. Kamfani na iya kuma shigar da rahoton yanke zuwa aiki, abin da aka fi sani da hurub. Idan aka shigar, mutum yana da kwana 60 ya gyara matsayinsa ko ya fita ƙasar, bayan haka ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba.

Ina cikin lokacin gwaji. Ni ma sai na jira?

Lokacin gwaji, idan an rubuta shi a kwantiragi, ba ya wuce kwana 180 gaba ɗaya, kuma kowane ɓangare na iya kawo ƙarshen kwantiragin a cikinsa ba diyya ba mukafa'a. Amma sabon shigowa ya tuna cewa ƙarewar kwantiragi daban, izinin komawa wani kamfani daban, kuma wanda bai cika shekara ba yawanci sai da yardar kafilinsa.

Zan iya cinye kwanakin sanarwar da hutuna na shekara, ko in riƙa fita neman aiki?

Kamfani ne ke tsara lokacin hutu bisa buƙatar aiki, don haka sai da yardarsa. Idan bai yarda ba, ba ka yi asara ba, domin za a biya ka kuɗin kwanakin hutun da ba ka ci ba. Hutun shekara kwana 21 ne aƙalla, yana komawa 30 bayan shekara biyar a jere. Ita kuwa damar fita neman aiki yini ɗaya ko sa'a takwas a mako tare da albashi, ta wanda kamfani ya ba shi sanarwar sallama ce, ba ta wanda ya nemi tafiya da kansa ba.

Ina kuma ganin waɗannan makonni na ƙarshe su ne ake tuna mutum da su. Mu Hausawa a nan ba mu da yawa a kowane fanni, kuma idan ɗaya ya watsar da aiki ya bar abokansa cikin wahala, ɗan'uwansa da zai zo neman aiki a wurin gobe shi zai ɗauki laifin. Ka miƙa aikinka a tsare, ka koya wa magajinka abin da ya kamata, ka yi sallama da mutane, alkawari kaya ne.

Me zan karɓa a ranar ƙarshe, kuma me zan sa wa hannu?

Idan kai ne ka kawo ƙarshen kwantiragin, kamfani yana da mako biyu ya biya ka dukan haƙƙoƙinka. Idan shi ne, mako ɗaya. Haƙƙoƙin sun haɗa da ragowar albashi da kuɗin ƙarin lokaci da kuɗin hutu da mukafa'a, bayan an cire bashin da kamfani ke binka saboda aiki. Kana da haƙƙin takardar shaidar aiki kyauta, mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa da sana'arka da albashinka na ƙarshe, ba tare da an rubuta abin da zai ɓata maka suna ba, da kuma duk takardun karatun da ka ajiye a wurinsu. Fasfo kuwa tun farko bai halatta a riƙe maka shi ba.

Ranar takan zo da sauri. Ka miƙa katin shiga da makullin mota da kwamfuta, kowane ofishi ya sa maka hannu a takardar wankewa, sannan a ƙarshe ma'aikacin ofishin kuɗi ya turo maka wata takarda ta Larabci da biro a kanta, ya ce ka sa hannu kawai, kuɗin zai shigo gobe. Wannan ita ce mukhalasa, kuma abin da take cewa shi ne ka karɓi komai, ba ka bin kamfani ko halala ɗaya, wato ko sisi. Ka karanta adadin da aka rubuta, ka gwada shi da lissafinka, ka bari sai saƙon banki ya shigo wayarka kafin ka sa hannu, sannan ka karɓi kwafi.

An rubuta a kwantiragina cewa ba zan yi wa kamfanin da ke gogayya da su aiki ba. Wannan yana da ƙarfi?

Yana da ƙarfi idan aikinka ya ba ka damar sanin abokan cinikin kamfanin, kuma sharaɗin rubutacce ne da ya fayyace lokaci da wuri da irin aikin, bai kuma wuce shekara biyu ba daga ranar rabuwa. Ka nuna wa sabon kamfanin wannan sharaɗi kafin ku ƙulla komai.

Ni direban gida ne, ƙanwata kuma aikin gida take yi. Wannan duka ya shafe mu?

A'a. Dokar Ƙwadago ta cire masu aikin gida daga ƙarƙashinta, kuma direban gida da mai dafa abinci da mai gadin gida duk suna cikinsu. Su suna da ƙa'idojinsu na daban, kwantiraginsu da komawarsu wani gida suna bi ta manhajar Musaned ne, ba Qiwa ba, kuma mukafa'arsu albashin wata ɗaya ce bayan shekara huɗu a jere a gida guda. Abin dubawa shi ne sana'ar da aka rubuta a igama. Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu tsarin.

Idan kamfani ya ƙi biyana ko muka saɓa a kan lissafi, ina zan kai ƙara?

Matakin farko shi ne ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, ana shigar da koke ta shafin ma'aikatar a intanet, kuma lambar tambayarta ita ce 19911. Idan aka yi kwana 21 na aiki ba a daidaita ba, sai maganar ta wuce kotun ƙwadago, wadda ta fara aiki a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a a ƙarshen 2018. Ka je da kwantiragi, da kwafin takardar murabus mai kwanan wata, da amsar kamfani idan akwai, da bayanan banki. Kada ka bari lokaci ya ja saboda ana ta ce maka ka dawo mako mai zuwa, domin kotu ba ta karɓar ƙarar da aka shigar bayan wata 12 da ƙarewar alaƙar aiki, sai da uzurin da ta gamsu da shi ko idan kamfanin da kansa ya amsa cewa ana binsa.